Yadda na yi digirin digirgir a kan zanen bangon gidajen Kano

Ni malamar zane ce a wata kwalejin horar da malamai a nan Kano. Tun da na kammala digirin digirgir a fannin tarihin zane-zane da ayyukan fasaha, ɗalibai da ƙananan malamai suke tare ni da tambaya iri ɗaya: ta ina ake farawa, kuma me mutum yake yi a cikin waɗannan shekaru duka? Amsar da ake bayarwa a tsaye a bakin ofis ba ta gamsarwa, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda tawa ta kasance.

Farkon abin takardu ne, kuma ba shi da wani sirri. Sai kana da digiri na biyu a fannin ko a makusancinsa, da sakamako mai kyau. Ka cike fom ta intanet, jami'o'in da ka yi a baya su aika da takardar sakamakonka kai tsaye, malaman da suka san ka su rubuta maka shaida, sannan ka haɗa da taƙaitaccen bayanin abin da kake son bincika. Wanda yake koyarwa a makarantar gwamnati ta gaba da sakandare yana iya neman tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ta hannun makarantarsa. Ni hutun karatu na samu, kuɗin kuwa daga albashina da adashi da taimakon maigidana suka fito. Abin da nake gaya wa kowa shi ne, kafin ka biya ko sisi, ka fara gano malamin da zai duba aikinka, ka je ka same shi ku yi magana. Masana tarihin zane ba su da yawa a Arewa, ɗan kaɗan ɗin da ake da su kuma ɗalibai sun yi musu yawa. Idan aka ba ka gurbi babu mai duba ka, zaman jira kawai ka saya.

Shekarar farko ta aji ce. Mun yi hanyoyin bincike, mun yi ra'ayoyin masana, muka sake bi ta kan fasahar Nijeriya tun daga tushe: mutum-mutumin yumɓu na Nok da aka fara tonowa a 1928 wajen haƙar kuza, kawunan tagulla na Ife, kayan fadar Benin da sojan Ingila suka kwashe a 1897, har zuwa ƙungiyar ɗaliban zane da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da abokansu suka kafa a Zariya a 1958. Na ƙaru sosai. Amma wani abu ya riƙa ci mini rai. A duk wannan karatu, rabon Bahaushe bai wuce 'yan shafuka ba. Dalilin a fili yake. Turawan da suka fara rubuta tarihin fasahar Afirka sun gina shi ne a kan abin da za a iya ɗauka a sa a jirgi a kai gidan tarihi na Landan ko Faris, wato sassaƙa da gumaka da fuskokin dodanni. Mu kuwa gwanintarmu tana jikin riga, da sirdin doki, da allon zayyana, da bangon gida. Riga an ɗauka an kai, amma bango yana nan inda aka gina shi, ruwa yana dukansa.

Ni 'yar cikin birni ce, a cikin lunguna na tashi, kuma gidajen da nake wucewa in zan tafi islamiyya ina yarinya, masu dagi da takubba a saman ƙofar zaure, yau mafi yawansu sun koma shaguna ko bene na bulo. Saboda haka ban sha wahalar zaɓen abin da zan bincika ba. Wahalar tana wajen mayar da sha'awa ta zama tambaya. Ranar da na kai wa malamina tsarin farko, ya karanta har ƙarshe bai ce komai ba, sannan ya cire tabarau ya ce, "Malama, duk abin da kika rubuta gaskiya ne, gidajen suna da kyau. To amma kwatanta abu ba tarihi ba ne. Wa ya yi zanen? Yaushe? Wa ya biya kuɗin? Me ya sa aka fara, me ya sa aka daina?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai babu wanda ya rubuta waɗannan." Ya ce, "Shi ya sa za a ba ki digiri in kin samo su."

A kan waɗannan tambayoyi na tsaya. Na taƙaita aikin a kan adon fuskar gida da na zaure a cikin ganuwa kawai, daga zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya hau a 1926, zuwa wajen 1980.

Kare tsarin bincike shi ne karo na farko da mutum yake tsayawa gaban malaman sashe gaba ɗaya. Ana ba ka 'yan mintoci ka yi bayani, sannan a buɗe maka wuta. Wasu tambayoyin na ƙa'idar rubutu ne, ka rubuta ka gyara. Amma wani dattijon malami da yake zaune a gefe ya yi mini wadda ta zama ƙashin bayan aikina. Ya ce gidan ƙasa ba shi da takardar izinin gini, magini ba ya sa hannu a bango, kuma kowace shekara ana sake yaɓe. To da me zan tabbatar wa duniya cewa wannan zane na 1940 ne, ba na 1970 ba? Na ba shi amsar da nake da ita a lokacin, aka amince da tsarin bisa sharaɗin in faɗaɗa wannan ɓangare. Cikakkiyar amsar sai a cikin lungu na same ta.

Kafin fita sai da na karanta abin da magabata suka bari. Yawancin rubutun da aka yi a kan zanen bangon Hausa a kan Zariya aka yi shi, saboda can sashen zane da na tsara gine-gine suka daɗe da kafuwa. Zbigniew Dmochowski, wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, ya yi shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya, kuma aikinsa ne ya haifar da gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Hamman Tukur Sa'ad ya yi nasa digirin a Jami'ar Michigan ta Amurka a 1981 a kan magina da yadda suke auna kyawun gini. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya yi nasa a kan rini da cinikin baƙin yadi na Kano a ƙarni na 19. Da farko na karanta aikin Shea ne don neman hasken tarihin kasuwanci, ban san zai zo ya haɗe da maganar bango ba. Na je ɗakin adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna na duba fayilolin lardin Kano, na leƙa Arewa House, a gida kuma na yi ta zirga-zirga tsakanin Gidan Ɗan Hausa da Gidan Makama. Takardun Turawa sun fi damuwa da haraji da tsafta da fitar da titi. Abin da ya fi amfanata a wurinsu tsofaffin hotuna ne, domin hoto mai kwanan wata yana nuna maka ko fuskar wani gida tana da zane a shekarar ko babu.

Gidan Makama kuwa makaranta ce ga mai son ya koyi kallo. Ginin yana komawa zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, duk da an sha gyara shi. Na kan zauna a cikin sorayen in ɗaga kai ina bin bakan gizo da ido, ina lura da yadda aka jera azara. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cinta, amma ba a sake mata tazara mai nisa, in ta wuce kamar ƙafa shida sai ta fara lanƙwasa a ƙarƙashin nauyin ƙasa. Wannan iyaka ita ta sa magina suka ƙware wajen ɗora azara kan azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har baka biyu su haɗu a sama. Ɗaurin guga da muke sha'awa daga nan ya fito. Wanda bai fahimci abin da ƙasa da itace za su iya ɗauka ba, ba zai fahimci adon da ke kansu ba.

Aikin fili ba a fara shi da kyamara. Da gaisuwa ake farawa. Kowace unguwa sai na fara zuwa wurin mai unguwa da takardar gabatarwa daga sashe, in yi bayanin kaina da na iyayena, shi kuma ya haɗa ni da yaron da zai raka ni. Ƙanena yakan bi ni da tef ɗin awo da ƙaramin tsani. Muna fita ne da sassafe ko bayan la'asar, domin zanen da aka tayar a jikin bango sai rana ta buge shi ta gefe yake fitowa. Da tsakar rana hoton yakan fito fari fat, ba ka ganin komai. Kowane gida ina ɗaukar fuskarsa gaba ɗaya, da zankwaye, da indararo, da kewayen ƙofa, sannan in auna, in zana da fensir a littafina. Zanen hannu yana tilasta maka ka ga inda layi ya shiga ƙarƙashin wani ya fito, abin da ido yake tsallakewa a hoto. Na bi Koki da Mandawari da Yakasai da Daneji da Bakin Ruwa da Madabo da wasu unguwannin. Akwai inda aka tarbe ni da fura, akwai inda aka ɗauka gwamnati ce ta turo ni auna gidan da za a rushe don titi, sai da mai unguwa ya zo da kansa.

An kuma tambaye ni, ba sau ɗaya ba, ko wannan karatu na zane ya halatta. Ban taɓa jin haushin tambayar ba, domin da gaske ake yinta. Nakan ce su ɗaga kai su duba abin da kakanninsu suka sa aka yi musu: dagi, takobi, allo, wata da tauraro, daga baya agogo da keke da mota da jirgin sama. Da wuya ka ga mai rai. Hannun da ya ƙawata allon mai saukar Alƙur'ani da wanda ya ƙawata ƙofar zaure daga rijiya ɗaya suke sha.

Wanda ya buɗe mini ido a kan sana'ar wani tsohon magini ne da aka kwatanta mini gidansa a wajen Dala. Ya daina aiki, idonsa ya yi rauni, amma hannunsa na nan. Da na tambaye shi yadda ake tayar da zane, sai ya ce, "'Yata, wannan ba a faɗarsa da baki." Ya sa jikansa ya kwaɓa ƙasa a tsohon kwano, ya ɗanɗana laushinta da yatsu ya ce a ƙara ruwa kaɗan, ya miƙe ya manna ta a jikin katangar bayan gida. Ya shafe da tafin hannu. Sannan ya sa yatsa biyu, manuniya da na tsakiya, ya fara jan layi yana tura ƙasar gefe tana tashi. Bai yi alama ba, bai auna ba, bai ɗaga hannu ba sai da dagin ya rufe kansa. Ya ce dole a gama kafin ƙasar ta sha iska, shi ya sa mai zane yake bin mai yaɓe a baya-baya, kuma shi ya sa zanen yake zama a kai tun kafin a taɓa bango. Na tambaye shi a ina ya koyi wannan dagin. Ya ce a wurin mahaifinsa, amma akwai wasu da ya ɗauko daga aljihun babbar riga, don maƙwabcinsu maɗinki ne, yana yaro yakan zauna kusa da shi.

Shi ne kuma ya warware mini maganar makuba da laso. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake jiƙo ta a kwaɓa da ƙasa, tana ba bango duhun ja mai kyau tana kuma kare shi daga ruwa, sai dai tana son sabuntawa bayan 'yan shekaru. Laso ya fi ta ƙarfi. Ya ce, "Laso ai ba na magini kaɗai ba ne. Katsi daga karofi yake zuwa, wurin marina. Gashi daga majema. Dafara daga daji. Mu haɗawa kawai muke yi." Katsi shi ne abin da yake kwantawa a gindin rijiyar rini, a kwashe a ƙona. A nan karatun da na yi a kan rini ya dawo mini. Kano da Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth ya gani a 1851 gari ne da baƙin yadinsa yake kaiwa har hamada, karofi a ko'ina, ba Ƙofar Mata kaɗai ba. Garin da yake da karofi da yawa yana da katsi da yawa. Da yadin kanti da shuɗin bature suka kashe kasuwar marina, rijiyoyi suka mutu ɗaya bayan ɗaya, magini ya rasa abin haɗa laso a daidai lokacin da siminti yake shigowa. Kududdufan da ake ɗiban ƙasar tubali su ma aka cike su aka yi gini a kai. Na fita daga gidan da babi guda a kaina. Ashe sana'o'in birni riƙe suke da juna, in ɗaya ta faɗi sai ta ja 'yar'uwarta.

Maganar shekaru kuwa, mata ne suka warware ta. A nan zamana mace ya yi mini rana, domin masu binciken da suka gabace ni kusan duk maza ne, iyakarsu zaure. Ni nakan yi sallama in shige har ɗakin tsohuwar gida. Magidanta na yanzu yawanci jikoki ne, in ka tambaye su sai su ce, "Mun dai taso mun gan shi." Amma matar da aka kawo gidan tana amarya ta san abin da ta tarar da abin da aka yi a gabanta.

Akwai wata Hajiya da ba zan manta da ita ba. Gidansu yana da dagi babba a saman ƙofa, a gefe kuma keke da agogo. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Iya, zanen ƙofar nan nake tambaya, ko kin san lokacin da aka yi shi?" Ta ce, "Wanne daga ciki? Ai ba rana ɗaya aka yi su ba." Ta ce dagin ta tarar da shi, kuma an kawo ta gidan ne shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano. Wato 1956. Keken da agogon kuwa sai da maigidan ya dawo daga Makka aka yi su, tana goyon ɗanta na biyu, ta ma tuna ita ta dafa wa maginan abinci, ta faɗi sunan babbansu da unguwarsu. Na nemi ɗan nata, dattijo ne ɗan fansho, na tambaye shi shekarar da aka sa shi firamare, muka lissafa baya. Da na koma waje na sake duban bangon da kyau, sai ga shi dagin na ƙasa ne aka tayar da hannu, keken kuwa a jikin siminti aka tsaga shi da bakin ƙarfe. Bango ya gaskata tsohuwa.

Daga nan na tsara jerin abubuwan da mutanen birni suke ƙirga shekaru da su: rasuwar Sarki Alhaji, wato Abdullahi Bayero, a 1953, zuwan Sarauniya, naɗin Ado Bayero a 1963, kisan Sardauna a 1966, canjin hannu a 1972, canjin kuɗi a 1973, rasuwar Murtala a 1976, rikicin Maitatsine a 1980. Na kuma kafa wa kaina doka, ba na rubuta shekara a kan zane sai abu uku sun haɗu, kamar duwatsun murhu: bakin wanda ya gani, shaidar kayan da aka yi aikin da su, da wani tabbaci na daban, ko hoto, ko takarda, ko baki na biyu da bai ji na farko ba. Inda biyu kawai na samu, nakan rubuta cewa tsakanin shekara kaza da kaza ne. Inda ɗaya ne, in bar gurbin a buɗe. Malamina ya fi son gurbi a buɗe a kan shekarar da aka ƙaga.

Da gidajen suka jeru bisa shekaru, sai labarin ya fito da kansa. A da, ado mai nauyi na cikin soro ne, na fada da gidajen masu sarauta da manyan malamai. Fitowarsa fuskar gida, inda duk mai wucewa zai gani, ta yi ƙarfi ne tare da kuɗin 'yan kasuwa, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe, ga goro ga fata. Attajirin da ba shi da rawani yana da ƙofar gida. Keke da agogo da jirgin sama a bango suna faɗin abin da mai gidan ya mallaka ko inda ya taka. Sannan siminti ya zo, aka koma tsagawa, fenti ya zo, aka koma shafa launi, daga ƙarshe mai kuɗi ya bar lungu ya koma sabuwar unguwa ya yi ginin bulo.

Abin da na fi alfahari da shi a kundin shi ne sunaye. A tarihin zanen Turai kowane hoto da mai shi. Namu kuwa sai a rubuta "maginin gargajiya", kamar bangon ne ya zana kansa. In ka cire Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, magina nawa ɗalibin zane zai iya ambata? Na samo sunayen magina da dama daga bakin tsofaffi, na bi zuriyarsu na nemi izini, har na kai ina gane hannun wasu daga yadda suke rufe ƙarshen layi. Mutanen nan masu fasaha ne, sun cancanci a kira su da sunansu.

Tafiyar ba ta zo da sauƙi ba. Ina tsakiyar aikin fili cutar korona ta zo, aka rufe Kano a watan Afrilun 2020. A cikin makonnin nan birni ya yi rashin dattawa masu yawa, tsohon maginin nan na Dala yana cikinsu. Na yi niyyar komawa in tambaye shi sunayen wasu zane-zane da na gano daga baya, Allah bai nufa ba. Allah ya jiƙansa da rahama. A 2022 kuma jami'o'in gwamnati suka tsaya wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, babu taron ƙara wa juna sani, babu zaman kare babi. Na yi amfani da lokacin na juye hirarrakin da na naɗa zuwa takarda, aikin da ya fi kowanne cin rai, domin hirar awa ɗaya takan cinye yini. Da aka koma, na zaga gidajen da na auna a farko, na tarar wasu babu su. Rabon gado ya ci wasu, damina ta ci wasu, wasu an fasa zauren an fitar da shaguna.

Ban ga laifin masu gidajen ba, kuma ban yarda da masu zuwa daga nesa suna cewa mutanenmu ba su san darajar tarihi ba. Gidan ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina, masu yin aikin sun yi ƙaranci, kuɗinsu ya hau. Wanda ya lulluɓe bangon ƙasa da siminti don ya huta, bayan 'yan shekaru danshi yakan taru a ciki, simintin ya ɓamɓaro da zanen gaba ɗaya. Mai iyali da yake kwana da fargabar katanga ta faɗo wa yaransa ba za ka ce masa ya zauna saboda dagi ba. Ganuwar Kano kanta, da take cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 2007 don a sa su cikin wuraren tarihi na duniya, kowa yana ganin halin da take ciki, balle gidan talaka. Abin da nake roƙo kaɗan ne, a ɗauki hoto mai kyau a tambayi tsohuwar gida kafin a sa diga.

Rubutun kansa da dare na yi shi, bayan yara sun kwanta, in an ɗauke wuta in ci gaba da fitilar caji har batirin kwamfuta ya ƙare. Babi yakan je wurin malamina ya dawo da jan biro, in gyara ya sake komawa. Na gabatar da sakamakon a gaban sashe, na fitar da maƙalu a mujallun ilimi kamar yadda ƙa'ida ta nema, aka sa kundin a manhajar gano satar rubutu, aka yi zaman karewa na cikin gida. Bayan nan aka aika wa mai jarrabawa daga wata jami'a, sai jira.

Ranar karewa ta ƙarshe na shiga da faɗuwar gaba, amma da aka fara sai na ga babu wanda ya kai ni sanin lungunan nan a cikin ɗakin. Farfesan da ya zo daga waje ya karanta aikin shafi-shafi, duk ya lanƙwashe gefen takardu. Ya matsa mini a kan hanyar sa shekaru, na kawo masa misalin gidan Hajiya da hotunansa, ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Malama, kin shiga ɗakunan matan nan kin ɗauke su shaidu a kan aikin maza. Su ba su yi wa ɗakunansu ado ba ne?" Na ce, "Ranka ya daɗe, sun yi." Na ba shi labarin jere, yadda ya tashi daga ƙore zuwa tasoshi, zuwa langa da fanteka da samira, zuwa tangaran a cikin kabad, da yadda ake manna faranti a tsakiyar rufin soro. Ya ce to wannan ya shiga kundin, ko da sashe ɗaya ne, don kada mai karatu ya ɗauka ado a gidan Bahaushe a zaure ya tsaya. Aka ce in fita. Da aka kira ni, shugaban zaman ya ce an amince, da gyare-gyaren da za a yi cikin wa'adin da aka ɗiba.

Gyaran ya sa na sake komawa wurin tsofaffin da suka rage, wannan karon da tambayoyi a kan ɗakunansu, na rubuta sashen jere. Mai jarrabawa na cikin gida ya duba ya sa hannu, aka ɗaure kundin, majalisar jami'a ta tabbatar da sakamakon. Na wanke hotunan kowane gida na kai wa masu shi, har da waɗanda gidan nasu ya riga ya rushe. Kundin da Turanci yake, kamar yadda dokar jami'a ta tanada, 'ya'yan maginan da suka ba ni ilimin kuwa da yawansu ba za su iya karanta shi ba, don haka yanzu ina sake rubuta babin magina da Hausa. Fagge da sauran unguwannin wajen ganuwa ban taɓa su ba, kuma akwai tsofaffin gidajen fatake a can da har yanzu suke tsaye. Ɗaya daga cikin ɗalibaina mata ta fara zagaya su don digirinta na biyu, na ba ta tef ɗin awona da jerin shekarun nan.